Injin Yanke Ciyawar Abdulhakim

Abdulhakim mutum ne da ba ya iya jira. Duk wanda ya zauna da shi a unguwar Yalwawa, cikin garin Dutse, da wannan hali ya san shi. Ba mugu ba ne, ba marowaci ba ne. Yana gaida manya, yana zuwa suna da jana'iza, ba a taɓa jin kansa da maƙwabci ba. Illarsa ɗaya ce: idan ya sa abu a ransa, to yau yake so, a yau ɗin ma yanzu. Idan ya tarar da layi a gidan mai, sai ya juya ya tafi neman wani gidan, ya ƙona ɗan man da ya rage masa a yawo. Idan aka kawo masa shayi, sai ya ƙone harshe sannan ya tuna da zafi. Abokan aikinsa a sakateriya sun sa masa suna Yanzu-yanzu. Yana amsawa da dariya, don shi a wurinsa yabo ne.

Matarsa Rashida ma'aikaciyar jinya ce. A ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti da ke bakin gari take aiki. Mace ce mai sanyin magana da sanyin hannu. Matan unguwa idan watansu ya kama sukan tambayi ranar da take bakin aiki, wasu ma har gida suke biyo ta da tsohon ciki, su ce ta taɓa ta ji yadda ɗan ya kwanta. Suna da 'ya ɗaya, Nusaiba, tana firamare.

Da suka gama ginin gidansu suka tare, akwai ɗan fili da ya rage tsakanin ƙofar falo da get. Maƙwabta duk siminti suka malala a nasu. Abdulhakim ya ce shi ciyawa zai shuka, irin wadda ya gani a harabar wani masauki a Abuja lokacin da ya je kwas. Aka kawo ƙasa da taki, aka dasa. Safe da yamma yana ba ta ruwa, yana tsaye a kanta yana mitar ta ƙi fitowa. Da damina ta sauka sai ta fito gaba ɗaya. Cikin ɗan lokaci ta wuce idon sawu, ta kama hanyar ƙwauri, sauro ya samu wurin kwana. Ya sa aka yanke da lauje. Mai laujen ya wuni a tsugune bai gama ba, inda ya yanke ɗin ma wani wuri gajere, wani wuri dogo. Abdulhakim ya ce ba zai ƙara tsayawa kallon wannan ba, inji zai saya.

Abokinsa Musaddiq, wanda suke ofis ɗaya, yana da irin injin. Ranar Asabar da hantsi Abdulhakim ya je gidansa, ya tarar da shi yana tura shi a harabar gida. Injin ba shi da wata ƙara, har suka gaisa yana aiki.

"Wannan ai kamar fanka," in ji Abdulhakim. "Anya yana yanka kuwa?"

"Duba bayana ka gani," in ji Musaddiq. Ya kashe injin, ya zaro batir ɗin ya miƙa masa. "Iri biyu ne, mutumina. Akwai mai batir irin wannan, akwai mai fetur. Kowanne da inda ya dace. Mai fetur ya fi ƙarfi, ba na musun wannan. In filinka babba ne, kamar na makaranta ko gidan gona, ko ciyawar ta yi kauri ta jiƙe, to shi ne maganinta. Ko ya lalace ma, duk mai gyaran janareto zai iya taɓa maka shi. Sai dai ka jure ƙara da hayaƙi, da canjin baƙin mai, da ajiye fetur a gida."

"To shi wannan fa, mene ne aibinsa?"

"Cajinsa yana ƙarewa. In ya ƙare sai ka jona shi ka jira. Ba ya son zafin rana, a inuwa ake ajiye shi. In batir ɗin ya mutu kuma, ba lallai ka samu a nan ba, sai an nemo a Kano. Amma filin naka nawa yake? Bai kai nawa ba. Caji ɗaya zai gama maka har da saura. Ga shi kana da sola a gida."

Abdulhakim ya karɓi injin, ya tura shi zuwa jikin katanga ya dawo. Ya ji ba nauyi. Ya ce lallai wannan shi ne daidai da shi.

Da ya koma gida ya ba Rashida labari. Ta ce ita ma mai batir ɗin ya fi kwanta mata. In ta yi aikin kwana da rana take rama barci, ba ta son ƙara. Ba ta kuma son a riƙa ajiye fetur a gidan da ake girki da gas, ga yarinya tana shige da fice. Suka tsayar da magana a kan haka.

Ranar Litinin da ya tashi daga aiki, ya biya wani shago da ake sayar da janareto da injinan ban ruwa. Mai shagon, Isah, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, mai batir ya ƙare. Amma akwai kaya a hanya daga Kano, in Allah ya yarda mako mai zuwa za su sauka."

"Mako mai zuwa?" in ji Abdulhakim, kamar an ce masa baɗi.

A bakin shagon akwai wani jan inji mai fetur, sabo fil, ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba. Abdulhakim ya tsaya yana kallonsa. Isah ya zuba ɗan mai, ya ja igiya. Injin ya tashi da ruri, har masu wucewa suka waiwayo.

"Wannan yanzu zan iya tafiya da shi?"

"Yanzu ma kuwa."

"To sa min a but."

Isah yana naɗe hannun injin yana cewa, "Abu ɗaya dai, ranka ya daɗe. In mai ya ƙare kana cikin aiki, kada ka zuba nan take. Ka bar shi ya huce tukuna. Wajen salansar nan yana ɗaukar zafi ƙwarai."

"Na ji, na ji," in ji Abdulhakim. Ya riga ya buɗe ƙofar mota.

Rashida ta fito ta ga ana sauke jan inji. Ta ce, "Abban Nusaiba, ai ba wannan muka ce ba."

"Wancan babu. Wai sai wani makon. Ciyawar ce za ta tsaya jirana?"

"Ai da ta jira. Ina za ta je?"

Ya yi dariya. Ta tambaye shi inda zai riƙa ajiye man, ya ce a sito. Ta ce sito yana jikin kicin, ba ta yarda ba. Sai ya kai jarkar ƙarƙashin rumfar mota, ya jingine ta a lungu.

Gaskiya injin mai kyau ne. Yana tashi da ja ɗaya, yana kwantar da ciyawa sumul. Masu wucewa sukan leƙo ta get su yaba. Da mako ya zagayo, Musaddiq ya ce masa ya ga masu batir sun iso shagon Isah. Abdulhakim ya ce, "Ai ni na riga na wuce wurin."

Tankin injin ƙarami ne, shi kuma ba ya tsayawa ya duba mai kafin ya tayar. Saboda haka yakan mutu masa a tsakiyar aiki. Karo na farko ya ɗan tsaya, ya taɓa murfin, ya ji da zafi, ya zuba a haka. Ba abin da ya faru. Karo na biyu ko taɓawa bai yi ba. Nan ma ba abin da ya faru. Daga nan ya sa wa ransa cewa maganar Isah irin ta masu shago ce kawai.

Wajen ƙarshen damina aka kawo mahaifiyarsa, Hajja, daga Aujara don ganin likita. Ciwon gwiwa ya ci ƙarfinta, in ta zauna ba ta iya tashi sai an kama ta. Ba ta son zaman ɗaki. Kullum da hantsi Rashida takan shimfiɗa mata tabarmar roba a ƙarƙashin rumfar mota, a bakin ciyawar, ta zauna da carbinta. Takan kalli ciyawar ta girgiza kai.

"Yaron nan," in ji ta, "ka shuka abin da ba a ci, ka kuma sayi inji kana yankewa kana zubarwa. Da awakina ka ba, da sun yi ƙiba."

Ranar wata Juma'a aka aiko cewa 'yan uwa za su zo daga Aujara duba Hajja bayan an sauko daga masallaci. Abdulhakim ya baro ofis da wuri, ya bar mota a ƙofar gida. Da ya shigo ya ga ciyawar ta ɗan tasa. Ya ce baƙi ba za su tarar da ita haka ba. Ya tuɓe riga, ya rage daga shi sai singileti da wando, ya jawo inji. Rana ta take. Rashida tana hutu ran nan, tana kicin tana girkin baƙi. Nusaiba tana gidan maƙwabta.

Ya yi ta kai da komo, gumi na zuba. Ya gama ko'ina, saura layi ɗaya a jikin rumfa, kusa da inda Hajja take zaune. A nan injin ya yi tari, ya mutu. A daidai lokacin lasifikar masallaci ta fara tashi.

"Ka bar shi haka mana," in ji Hajja. "Je ka watsa ruwa, kada ka rasa salla."

"Layi ɗaya ne, Hajja. Yanzu zan gama."

Ya ɗauko jarkar daga lungu. Bai nemi mazurari ba. Ya buɗe murfin tankin, ya karkata jarkar. Man ya fito da ƙarfi, ya cika tankin, ya tumbatsa, ya gangara jikin injin. Sai aka ji fuu, kamar an kaɗa zani a iska. Wuta ta tashi daga injin, ta kama bakin jarkar. Abdulhakim ya saki jarkar ya yi baya. Ta faɗi a kan simintin rumfa, bakinta yana kallon Hajja. Man ya malala, wutar ta bi shi, ta kama gefen tabarmar.

Hajja ta dafa ƙasa za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Abdulhakim yana tsaye yana kallo. Daga baya ya ce har yau bai san abin da ya riƙe ƙafafunsa ba.

Rashida ce ta fito a guje. Ta shiga rumfar, ta kama Hajja ta ƙarƙashin hammata, ta ja ta zuwa bakin baranda. Gefen zanin Hajja yana ci. Rashida ta riƙa bugunsa da tafin hannu. Tabarmar ta narke ta manne a ƙafar tsohuwar tana ci gaba da ci, Rashida ta sa hannu biyu ta fizge ta. Robar ta naɗe mata a yatsu. Hannun rigarta ya kama. A lokacin ne Abdulhakim ya motsa, ya fizgo labulen ƙofar falo ya rufe mata hannuwa da shi.

Masu tafiya masallaci suka ga hayaƙi, suka banko get. Akwai yashi a ƙofar wani gida da ake ginawa, suka riƙa ɗibowa da kwano da bokiti har wutar ta mutu. Gidan bai kama ba. Rumfar ce kawai ta yi baƙi, sai injin da ya koma ƙarfe tsura.

Rashida tana zaune a kan matakalar baranda, ta miƙa hannuwanta gaba tana kallonsu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Abban Nusaiba, kawo ruwa ka zuba min. Na famfo, ban da ƙanƙara. Ka yi ta zubawa. Kada ka ciro abin da ya manne." Ya yi yadda ta ce. Ta ce a duba Hajja. Aka ce Hajja ƙafa ɗaya ce, kuma da sauƙi. Ta ce to a kashe mata gas, ta bar miya a kan wuta.

An kai su asibiti a Dutse. Aka kwantar da Hajja, ita kuma Rashida aka ce sai Kano. A can aka yi mata aiki, aka ɗebo fata daga cinyarta aka dasa a tafukan hannu. Aka sake wani aikin. Suka daɗe.

Abdulhakim yana zaune a kan benci a ƙofar ɗakin da Rashida take kwance. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, gashin hannunsa ne kawai ya babbake. Ya yi tsammanin zai yi kuka, kukan bai zo ba. Bai ji komai ba. In an ce masa sannu, ya ce yauwa. In an miƙo abinci, ya ci, bai san abin da ya ci ba. In an ce ya sayo magani, ya tashi ya sayo, ya dawo ya zauna a inda ya tashi. Akwai wata fanka a saman barandar mai lanƙwasasshen hannu ɗaya, yakan wuni yana kallonta tana juyawa. Masu zuwa dubiya suna tambayarsa yadda abin ya faru, sai ya ce, "Inji ne ya kama da wuta." Su ce Allah ya kiyaye gaba. Ya ce amin.

Musaddiq ya zo daga Dutse, ya zauna kusa da shi. Can Abdulhakim ya ce, "Da zafinsa na zuba man."

Musaddiq ya kalli ƙasa. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya."

"An gaya min, ka sani. An gaya min in bar shi ya huce."

"Allah ya ba ta lafiya, Abdulhakim."

Ranar da aka kwance bandejin ƙarshe, likita ya kira shi gefe. Ya ce an yi sa'a ba a rasa yatsa ko ɗaya ba. Amma yatsun hannun dama sun ƙandare, sun lanƙwashe ciki, na hagu kuma ba sa rufuwa duka. Ya ce in ana gasa su ana motsa su kullum za a samu sauƙi, sai dai kada ya sa ran za su koma kamar da. Abdulhakim ya ce to. Likitan ya tsaya ko zai yi tambaya. Bai yi ba.

Kafin su dawo Dutse ƙafar Hajja ta warke, ta bar tabo. Ta jira sai da aka sallamo Rashida, sannan ta ce a mayar da ita Aujara. Ranar tafiya aka kamo ta zuwa falo. Ta riƙe damtsen Rashida, sama da inda ƙunar ta tsaya, ta daɗe ba ta saki ba.

"'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki masu yi miki abin da kika yi min."

"Amin, Hajja. Allah ya ƙara sauƙi."

Shi kuwa Abdulhakim abin da Hajja ta ce masa kawai shi ne, "Ka kula da ita." Aka sa ta a mota.

Gida ya yi shiru. Injin yana nan inda ya ƙone, sai da wani mai sayen gwangwan ya leƙo ya tambaya. Abdulhakim ya ce ya ɗauka ya tafi da shi. Ciyawar ba wanda ya ƙara ba ta ruwa. Ta yi tsawo, ta yi ja, ta bushe a tsaye. Yakan wuce ta safe da yamma kamar ba a gidansa take ba.

Shi yake ɗaura wa Rashida zani. Shi yake zuba mata ruwan alwala, ya wanke mata fuska da ƙafafu. Shi yake shafa mata man da aka rubuta, ya riƙa miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya yadda aka nuna masa, ita kuma ta kau da kai tana kallon bango, haƙoranta a cije. Nusaiba da farko tsoron hannuwan take yi, takan ɓuya a bayan ƙofa. Daga baya ta saba, har takan zo ta ɗora kai a cinyar uwarta. Rashida takan sa bayan hannu ta shafa mata kai.

Ba ta taɓa ce masa kai ka ja ba. Ba ta taɓa tuna masa maganar da suka tsayar ba. Ya so ta yi masa faɗa, ko ta ce za ta tafi gidansu, ko da sau ɗaya, ko zai ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ba ta yi ba. Wata rana bayan la'asar suna zaune a falo, talabijin yana yi ba mai kallo, ya ce, "Rashida, ki yafe min."

"Na yafe tun muna asibiti," in ji ta. "Miƙo min ruwan nan."

Ya ɗauki kofin ya kai mata baki. Ta sha. Ya ajiye. Suka ci gaba da zama.

Ya koma aiki. Yana zuwa, yana zama, yana tashi. Ba wanda ya ƙara tsokanarsa a ofis. Ita ma bayan watanni ta koma, amma ba ɗakin haihuwa ba. Aka ba ta kujera a inda mata masu ciki suke zuwa awo, tana yi musu bayanin abin da za su ci da alamun da in sun gani za su garzayo asibiti. Ta koyi riƙe cokali da hagu. Ta koyi ɗaura ɗankwali da taimakon haƙori. Ba ta taɓa yin maganar tsohon aikinta ba, shi ma bai tayar ba.

Wata safiyar Lahadi aka yi ta bugun get. Maƙwabciyarsu ce, Baba Talatu, ko takalmi babu a ƙafarta. 'Yarta Fiddausi ta zo gida goyon ciki, haihuwar fari.

"Maman Nusaiba, taimaka! Faya ta fashe, yarinyar nan ta kasa tashi. Zo ki..." Sai idonta ya sauka a kan hannuwan. "Wayyo, na manta. Ki yi haƙuri, 'yar nan, ruɗewa ce."

"Ba komai, Baba," in ji Rashida. "Mu je in gan ta. Abban Nusaiba, sa min hijabi, ka fito da mota."

Ta shiga ta duba Fiddausi da ido, ta yi mata tambayoyi, ta ce akwai sauran lokaci, za a iya kaiwa asibiti. Aka kamo ta aka sa a mota. Rashida ta zauna kusa da ita a baya, tana gaya mata yadda za ta riƙa jan numfashi. Asibitin da take aiki suka nufa. Da suka isa, abokan aikinta suka fito da keken marasa lafiya, suka shige da Fiddausi. Rashida ta bi su har cikin ɗakin haihuwar. Rabonta da shi tun kafin gobarar.

Abdulhakim ya zauna a mota a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Rana ta ɗaga, ta take, aka yi azahar. Ya je ya yi salla ya dawo. Sai ga Rashida ta fito, ta tsaya a jikin motar. Ya zagayo ya buɗe mata ƙofa. Ta shiga ta zauna, ta ɗora hannuwanta a cinya.

"Ta sauka?" in ji shi.

"Ta sauka lafiya. Mace ce."

"Alhamdu lillahi. Ke kika karɓa?"

"Tsayawa na yi a gefe ina gaya musu." Ta kalli hannuwanta. "Da aka goge ta aka naɗe, sai Baba Talatu ta ce a fara miƙo min ita. Suka miƙo. Na ce su riƙe abarsu, ina tsoron ta suɓuce min."

Ya riƙe sitiyari. Wata mata ta wuce da kwandon abinci a ka, ta gaida Rashida, ta amsa.

"Mu tafi gida," in ji ta. "Nusaiba ba ta ci abinci ba."

Ya tayar da mota.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gaggawa ba ta tsayawa a kan mai yin ta, sau da yawa wanda ke kusa da shi ne yake ɗaukar wahalarta. Injin fetur ba shi da laifi, na batir ma ba shi da laifi, kowanne da wurin da ya dace da shi da ƙa'idar da ake bi a yi aiki da shi lafiya. Abdulhakim ya san wanda ya dace da gidansa, ya bar shi don ba zai iya jiran mako ba. An gaya masa ƙa'idar wanda ya saya, ya take ta don ba zai iya jiran inji ya huce ba. Ya kuma ɗauka cewa tunda ya yi a baya ya tsira, kullum ma zai tsira. Saboda haka, in za ka sayi wani abin amfani a gida, ka duba girman buƙatarka da halin mutanen da kake zaune da su, ka tsaya a kan shawarar da kuka yanke ko da za ta sa ka jira. In an gaya maka ƙa'ida, ka bi ta ranar da kake da lokaci da ranar da kake sauri. Ɗan jiran da kake gani kamar ɓata lokaci ne, yana iya zama shi ne ya tsare maka abin da ba ka da hanyar mayarwa.